Elmina: me zai sa baƙo ya kwana, ba ya leƙa kasul ya wuce ba?

Malam Tanko:
Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya san Elmina, garin masunta a gaɓar tekun Ghana mai tsohon kasul, wato sansanin Turawa inda aka riƙa tsare bayi, ya san yadda abin ke tafiya. Bas ta taso daga Accra da asuba, tafiyar kusan kilomita 150, ta fara zuwa dajin Kakum, ta biyo Cape Coast, ta iso Elmina wajen ƙarfe uku na rana kowa ya gaji. A sayi tikiti, a yi awa ɗaya cikin kasul, a ɗauki hoto a kan gada, a koma mota. Kuɗin tikiti na hukumar gidajen tarihi ne, kuɗin mota na kamfanin Accra ne, abincin rana kuma an ci a hanya. Abin da ya rage wa gari shi ne kuɗin ruwan leda da 'yan sarƙoƙin wuri. Me za a yi baƙo ya kwana ko da dare ɗaya ne? Mai kwana shi ke cin abinci sau uku, ya hau tasi, ya ba da wanki, ya shiga kasuwa. Ina son shawara mai aiki, ba "gwamnati ta taimaka" ba.

Baba Seidu:
Wa alaikumus salam Malam. Matsalar farko, ana sayar da garin kamar gini ɗaya ne. Kasul ɗin ya isa a zo dominsa, babu musu: Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872, UNESCO ta sa shi a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Amma labarin bai ƙare a ƙofarsa ba. Tudun da ke fuskantarsa, inda ƙaramin sansanin St. Jago yake, daga nan 'yan Holan suka kafa igwa suka yi ta luguden wuta har Fotugal ta sallama. Hawansa bai fi minti goma zuwa sha biyar ba, kuma daga sama ne ake ganin tsarin garin gaba ɗaya: teku a nan, tafkin Benya a can, kasul a tsakani. Filin nan da ke yamma da kasul, wanda mutane ke ɗauka fili ne kawai, nan tsohon garin yake. Jiragen ruwan Ingila suka ƙone shi da wuta a Yunin 1873, aka kuma kai sarkin garin, Kobina Gyan, Saliyo. Ga maƙabartar 'yan Holan, ga wuraren tsafin asafo, wato ƙungiyoyin mayaƙan gari na gargajiya, da ake kira posuban masu gumakan siminti, ga tsofaffin gidajen fatake. A haɗa su a yi zagayen ƙafa na awa biyu zuwa biyu da rabi. Sai dai rana ba ta bari a yi shi da azahar. Ko da safe kafin goma, ko bayan la'asar. To wanda zai yi zagayen safe, ai dole ya kwana.

Rabi:
Baba, gaskiya ne, amma mu faɗi abin da ke korar mutane tun daga bakin mota. Samari su yi wa baƙo caa, su tambayi sunansa, kafin ya fito daga kasul an rubuta sunan a jikin ƙwaryar kodi an miƙo masa wai kyauta, sannan a fito da takardar neman taimakon ƙungiyar ƙwallo. Mutumin da ya fito daga kurkukun bayi mata idonsa jajawur, abin da yake so a bar shi ya numfasa. Da ya ga an kewaye shi sai ya faɗa mota ya rufe gilashi. Wannan ba zai yi zagayen gari ba.

Malam Tanko:
To a kore su ke nan?

Rabi:
A'a Malam, kora ba ta aiki, kwana uku su dawo, kuma abinci suke nema. Tsari ake so. A ja layi tsakanin inda motoci ke tsayawa da ƙofar shiga, kada a yi talla a ciki. A ware rumfuna a hanyar fita, da ɗan nisa, a sa benci da inuwa tsakani. Kowane mai sayarwa da lamba a ƙirji, kowane kaya da farashi a rubuce. Baƙon da bai iya ciniki ba yana tsoron a cuce shi, shi ya sa ba ya tambaya ma. A sa lambar MoMo, wato ta biyan kuɗi ta waya, a jikin rumfa, domin da yawa ba sa yawo da tsabar sidi. Samarin da bakinsu ya iya Turanci ko Faransanci kuwa, su ne ya kamata a koya wa zagayen da Baba ya faɗa, a ba su bi da bi daga littafi ɗaya, kada a riƙa kokawa a kan baƙo.

Sarkin Ruwa:
Ni a ganina abin da zai kwantar da baƙo ba tarihi ba ne, kifi ne. Da sassafe, daga shida zuwa takwas, a tsaya a kan gadar Benya lokacin da kwale-kwale ke shigowa, kowanne da tutocinsa da rubutunsa, mata na jira da manyan kwanoni. Babu bas ɗin Accra da ke iya riskar wannan. Amma akwai abubuwan da masu shirya tafiya ke kuskurewa.

Ranar Talata ba a fita kamun kifi a teku, al'ada ce. Ka kwantar da baƙo daren Litinin ka yi masa alkawarin kasuwar kifi, ka ji kunya, sai dai ya kalli masu ɗinkin koma. Sannan tun 2019 gwamnati ta fara rufe wa masu kwale-kwale teku na wani lokaci don kifi ya hayayyafa, wasu shekarun a watan Yuli, kuma dokar na canzawa, don haka a duba sanarwar shekarar kafin a buga talla. Lokacin da kifi ya fi yawa shi ne daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ruwan ke sanyi. Tun da aka buɗe sabuwar tashar masunta a 2023 wurin tsayawa ya ƙaru, amma wurin aiki ne, ba filin wasa ba. Kada rukuni ya wuce mutum shida a cikin kasuwa, a sa takalmi rufaffe don santsi, kuma kada a ɗauki hoton mace tana ciniki sai an tambaye ta. Hanya mafi sauƙi, ɗan jagora ya fara gaida sarkin masunta da shugabar masu sayar da kifi, a yi yarjejeniya kan abin da za a riƙa ba ƙungiyarsu a kan kowane rukuni.

Hajiya Ladi:
Sarkin Ruwa, ka yi maganar yawo cikin kwale-kwale mana. Ana yawan tambaya.

Sarkin Ruwa:
Hajiya, ana iya yi, amma a cikin tafki, ba a teku ba. Bakin da tafki ke haɗuwa da teku igiyarsa ba ta wasa, baƙon da bai saba ba zai yi ta amai ko ya firgita ya miƙe tsaye, miƙewar nan ce ke kifar da jirgi. Abu na farko, lokaci. Benya na cika tana janyewa tare da teku, sau biyu a yini da dare, kuma kullum lokacin cikar na ƙara jinkiri da kusan minti hamsin. Wanda ya rubuta a allo "kullum ƙarfe huɗu" bai san ruwa ba, wata ranar ƙarfe huɗu taɓo ne da wari. A tashi awa ɗaya kafin cika, a dawo awa ɗaya bayanta. Na biyu, jirgin. Kwale-kwalen masunta da itacen wawa ake sassaƙa gindinsa a ɗora katako a gefe, ba a yi shi don zaman fasinja ba. Sai an kafa benci, an shimfiɗa katako a ƙasa, an wanke ƙarni, an yi rumfa mara nauyi. Mutum takwas zuwa goma sun isa ko da jirgin zai ɗauki fiye. Rigar ceto ga kowa, a ɗaure ta tun a tudu, da ƙanana na yara, domin babbar riga a jikin yaro ta kansa take fita idan ya faɗa ruwa. Ma'aikata biyu, filafili biyu ko da akwai inji, da bokitin kwalfe ruwa. Injin doki 40 na masunta ya yi ƙarfi da ƙara ga wannan aikin, ƙarami ya fi. Matsalar da ta fi yawa leda ce ko tsohuwar koma ta naɗe farfela, inji ya mutu, shi ya sa na ce filafili.

A bayan tafki akwai gonakin gishiri, amma da rani suke aiki, daga Disamba zuwa wajen Maris. Da damina ba abin gani sai ruwa.

Magini Awudu:
Duk kun yi maganar kawo baƙo, ina zai kwanta? Masu kuɗi suna da manyan otal a bakin teku. Wanda ya rage shi ne ƙaramin masauki mai ɗaki huɗu zuwa takwas a cikin gari, irin wanda ɗan Zango zai iya yi. Abin da ke kashe irinsu gishirin iska ne. Mutum ya yi gini kamar a Kumasi yake, shekara biyu ginin ya tsufa.

Rodi: a bar kankare ya rufe shi da aƙalla santimita 4 zuwa 5. In ya matso kusa da fuska, gishiri ya shiga, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Yashin bakin teku kada a taɓa shi, yana da gishiri, kuma ɗibarsa laifi ne, shi ke taimaka wa teku cin gari. Rufi: kwanon alminiyam, kuma ƙusoshin su dace da shi, domin ƙusar baƙin ƙarfe a jikin alminiyam ita ke fara cin ramin. Marikin ƙofa, makulli, famfo: ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316, mai 304 ma yana yin tabo a nan. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, a kafa ta waje a ɓangaren da ba ya fuskantar teku, a riƙa wanke ragar da ruwan famfo sau ɗaya a wata. In tagogi na fuskantar juna iskar teku na ratsawa, fanka da raga mai hana sauro sun wadatar a yawancin watanni. Ruwa a lissafa lita 100 ga kowane baƙo a rana, a ajiye na kwana uku. Ɗaki shida, mutum biyu-biyu, lita 3,600 ke nan, ban da kicin da wanki. Ramin bayi kuma, ruwan ƙasa a kusa yake, in an haƙa da zurfi kamar na arewa da damina zai cika ya dawo.

Baba Seidu:
Awudu, tsofaffin gidajen dutse fa? Na ga wasu na shafe su da siminti.

Magini Awudu:
Wannan kashe gida ne, Baba. Bangon dutse da tubali na da, da farar ƙasa aka haɗa shi, yana shan laima yana fitarwa. Ka rufe shi da siminti ko fentin mai, laimar ta rasa hanya, gishiri ya taru a baya, shafen ya ɓalle da fuskar tubalin tare. Farar ƙasa ake mayar masa. A jiƙa bango tukuna, a shafa ta ruwa-ruwa, sau uku ko huɗu, a bar kwana ɗaya tsakani, kuma ba cikin tsakar rana ba. In an yi ta da kauri don a gama da wuri, tsagewa take yi ta zube kamar gari.

Rabi:
A kula dai, gyara ma yana da iyaka. Lokacin da aka gyara kasul-kasul ɗin nan a shekarun 1990, baƙaƙen Amurka da yawa sun yi ƙorafi cewa ana goge tarihi da fenti. Waje a gyara, amma kurkuku a bar shi da duhunsa da warinsa.

Hajiya Ladi:
Bari in ƙara kan na Awudu, ɓangaren takardu da abinci. Masauki sai da lasisin hukumar yawon buɗe ido ta Ghana, da takardar 'yan kwana-kwana, da izinin majalisar ƙaramar hukumar Komenda-Edina-Eguafo-Abirem. Masu dafa abinci sai da katin gwajin lafiya. Akwai harajin kashi 1 cikin 100 na yawon buɗe ido a kan kuɗin baƙo, a sa shi cikin farashi tun farko. Wanda ba shi da lasisi, kamfanonin tafiya ba sa turo masa rukuni.

Abinci kada a wahala da kwaikwayon na Turai. Dokunun Fante mai ganyen ayaba da soyayyen kifin safiyar da barkono, shinkafa da wake irin ta Zango, koko da ƙosai da safe. Abin da ke lalata ciki ba yaji ba ne, ruwa ne da ƙanƙara da salak. Ƙanƙara daga ruwan sha, ganye a wanke da ruwan da aka tace, yaji a ajiye shi gefe. Kifi daga jirgi ya shiga ƙanƙara nan take, nauyinta kwatankwacin nauyinsa, in ido ya dushe ko ciki ya yi laushi a bar shi.

Sannan ga kasuwar da ake mantawa: baƙi Musulmi. Makarantu daga Tamale da Wa da Bolga, 'yan kasuwa daga Najeriya da suka zo Accra. Abin da suke tambaya kaɗan ne: buta, wurin alwala, darduma, naman da mahaucin Zango ya yanka, da ɗakunan mata daban. Alƙibla a nan ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa, kusan digiri 64 daga arewa. A auna sau ɗaya a manna alama a silin.

Malam Tanko:
Wannan batun na Hajiya ya taɓa ni. Amma mutanenmu suna ganin tarihin kasul na Turawa ne da baƙaƙen Amurka, ba nasu ba.

Baba Seidu:
Domin ba a faɗa musu ba ne. Da yawa cikin waɗanda aka kawo gaɓa daga arewa aka kamo su, aka ratso da su ƙasar Asante. Assin Manso, kimanin kilomita 40 daga Cape Coast a hanyar Kumasi, nan ne rafin da ake cewa sun yi wankan ƙarshe. Motar da ta taso daga arewa ta nan take bi, tsayawar awa ɗaya ce. Na biyu, daga 1831 zuwa 1872 'yan Holan sun ɗebi sojoji kusan 3,000 ta Elmina zuwa ƙasar da ake kira Indonesiya yanzu, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka samo ta Kumasi. Waɗanda suka dawo suka zauna a unguwar da ake kira tudun Java. Na uku, sojojin Hausawa sun yi wa Ingila yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma daga tsofaffin sojoji da fatake zangunan gaɓar teku suka bunƙasa. Ɗakin da aka tsare sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a kai shi Saliyo sannan Seychelles yana nan a saman kasul. Ɗan jagora mai jin Hausa ko Dagbani da zai faɗi wannan, da daɗinsa da ɗacinsa, har da hannun fataken arewa a cinikin, shi ya fi allon talla goma.

Rabi:
Baba, a nan sai ɗan jagora ya kiyaye. Wasu na cewa duk wanda ya bi ta ƙofar kasul da ake fitar da bayi zuwa jirgi daga Salaga, kasuwar bayi ta arewa, ya zo. Kasuwar Salaga ta fi tashe a ƙarni na 19, lokacin da Holan ta riga ta haramta cinikin tun 1814. Akwai alaƙa, amma kada a miƙe ta ta zama layi ɗaya. Cikin baƙi akwai malaman jami'a, da sun kama ƙarya ɗaya sun daina yarda da sauran.

Baba Seidu:
Kin yi gaskiya 'yata.

Sarkin Ruwa:
Iyo. Kusan kowane baƙo na son shiga ruwa, kuma tekun nan na da igiya mai jan mutum ciki. Ana gane wurin: ruwan ya fi duhu, kamar ya lafa, kumfa da datti na tafiya ciki maimakon fitowa. Wurin da ya yi kama da mai sauƙi shi ne mai haɗarin. Wanda ta ɗauka kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo a kaikaice, daidai da gaɓa, har ya fita daga cikinta. Masauki ya rubuta wannan da hoto a bakin hanya, ya ajiye igiya mai mita 25 zuwa 30 da abin shawagi a ɗaure, kuma ranar hutu a biya saurayi masunci ya zauna yana kallo. Ɗaliban arewa su ne abin tsoro, sun iya rafi suna zaton ɗaya ne.

Hajiya Ladi:
Kafin iyo ma, a iya taka yashin tukuna. Mu daina ɓoyewa, bahaya a bakin teku da leda su ne babban abin kunya. Sharar rana ɗaya da riguna masu tambari da 'yan jarida ba ta magance komai, ruwan sama ɗaya ya kwaso ledar kwatoci ya zuba a tafki, tafki ya miƙa wa teku, teku ya dawo da ita. A tare ta a bakin manyan kwatoci da ragar ƙarfe, a kwashe bayan kowane ruwa, musamman Mayu da Yuni, in ba haka ba ragar ta toshe unguwa ta yi ambaliya. Bayan gida na jama'a kuma ba ginin ke da wuya ba. Ruwa, fitila, mai kula da ake biya, da buɗewa tun ƙarfe huɗu na asuba lokacin da masunta ke bukata. Wanda aka rufe sai bakwai, an gina shi a banza.

Malam Tanko:
Bukukuwa fa? Ban ji kowa ya ambata ba.

Rabi:
Domin su suna cika gari da kansu. Bakatue ranar Talatar farko ta Yuli, lokacin da ake jefa koma sau uku a Benya a buɗe tafkin, mata cikin kente a kwale-kwale. PANAFEST, bikin al'adun Afirka da baƙaƙen ƙetare, tun 1992, bayan shekara biyu-biyu, da ranar tuna 'yanta bayi 1 ga Agusta. Fetu Afahye a Cape Coast Asabar ɗin farko ta Satumba, kilomita 12 ko 13 ne kawai. Edina Bronya Alhamis ɗin farko ta Janairu. Disamba kuma tun shekarar dawowa gida ta 2019, da Ghana ta gayyaci jikokin bayi, ɗaki ke wuya. Kuskuren da ake yi shi ne a ci bashi a ƙara ɗakuna saboda makonnin nan, sannan Mayu da Yuni su zo da ruwa ɗakuna ba kowa. A yi lissafi da watan da ya fi muni. Watannin ruwa a cike su da makarantu da ƙananan taruka a farashi mai sauƙi, a yi fenti da gyare-gyare.

Malam Tanko:
To ga yadda na haɗa abin, ku gyara. Ranar farko a iso da azahar, a huta, kasul ƙarfe uku, a hau St. Jago kafin faɗuwar rana. Rana ta biyu gada da kasuwar kifi ƙarfe shida, karin kumallo, zagayen gari kafin goma, kwale-kwale idan ruwa ya yarda. Rana ta uku Kakum.

Sarkin Ruwa:
Daidai, muddin rana ta biyu ba Talata ba ce. Kakum kuma a bar Elmina ƙarfe bakwai. Gadar saman itatuwa tun 1995 take, guda bakwai a jere, fiye da mita 300, siririya ce mutum ɗaya-ɗaya. Da bas-bas ɗin Accra sun iso wajen goma layi ya yi tsawo. Wannan ma hujja ce da za a faɗa wa baƙo: mai kwana a nan shi ke riga kowa hawa.

Hajiya Ladi:
Saura a kai wa kamfanonin Accra, su ke riƙe da baƙin. Ba za su canza tsari don son Elmina ba. A ba su takarda ɗaya: farashin ɗaki da abinci da zagaye da kwale-kwale a dunƙule, kasonsu a fili, direba da ɗan rakiya ɗaki da abinci kyauta. Direban da bai san inda zai kwanta ba shi ke zuga baƙi a koma Accra kafin dare.

Magini Awudu:
Da wurin ajiye bas mai maigadi. Titunan tsohon gari ba sa ɗaukar doguwar mota, a nemi fili a waje a riƙa shigo da baƙi da tasi.

Malam Tanko:
Na rubuta. Rabi, ki tsara zagayen ƙafa da tsayuwa-tsayuwarsa. Sarkin Ruwa, a samo mana jadawalin cikar teku na wata uku masu zuwa da adadin rigunan ceto da ake da su a ƙasa. Awudu da Hajiya, lissafin masauki mai ɗaki shida. A turo nan kafin Juma'a.